Shekarar da Mariyama Ta Zama Maigida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga Matameye, zuwa ga autata Balkisa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sauke ki Difa lami lafiya, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin hanya da na masu tare hanya. Babanki ya bugo waya daga Kano ya ce a ƙara sa miki albarka. Yayyenki duka suna gaishe ki.

Kin san halina, in na zaunar da ke zan yi miki magana ido da ido, hawaye ne ke riga ni buɗe baki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tun ranar da kika durƙusa a gabana kika ce an ba ki riƙon makarantar ƴan matan da yaƙi ya koro daga bakin tafki nake ta juya abin da zan gaya miki. Ba labarin gida zan ba ki ba. Kin ga yadda gero ya yi bana, kin san su wa ke kan mulki. Abin da ba ki sani ba sosai shi ne, ni ma ina yarinya na taɓa riƙe ƴan mata a lokaci irin wannan, fari a ƙasa, soja a sama. Na yi tuntuɓe a wasu wurare, kuma ina so in nuna miki su tun kafin ki iso kansu.

A lokacin ban wuce shekara goma sha biyar ba. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba. Maza ba su jira lokacin cin rani ba, suka watse, wasu Kano, wasu Zariya, wasu har Ikko. Kakanki ma ya bi su. Garin ya zama na mata da tsofaffi da yara. Ana cikin haka sai mutanen arewa suka fara sauka, ƴan Damargu waɗanda shanunsu suka ƙare. Suka kafa bukkokin kara da tsummoki a filin bayan gari.

Ƴan matan unguwarmu ni suka ɗora a kansu tun kafin farin. Ba don na fi su hankali ba. Bakina ne ya fi na kowa kaifi, kuma ni kaɗai na yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, har ina tsintar faransanci. Da can shugabancin bai wuce shirya gaɗa a dandali da aikin gayya ba. A shekarar nan kuwa babu mai ƙarfin tafa hannu.

A bakin rijiya na fara ganin Mariyama. Ruwa ya ja baya, guga na fitowa rabi ruwa rabi laka, mata na ta hayaniya a kan layi. Ita kuwa tana tsaye can gefe da ɗan tulunta, doguwa, siririya, da goyo a bayanta. Sa'ata ce ko ta ɗara ni kaɗan. Ba ta roƙi kowa ba, jira take kowa ya gama. Na ja mata guga biyu, ta ce, "Allah Ya shayar da ke," ta tafi. Kullum sai mu haɗu a nan, har muka saba. A hankali na ji labarinta. Babanta ya kora sauran shanunsu kudu neman ciyawa, babu labarinsa. Mahaifiyarta ta rasu a hanyar zuwa. Ƙanne uku aka bar mata, ƙaramar ita ce goyon, Halima.

Da kamiyon taimako, wato babbar motar kaya, ya iso da jar dawa, sojoji ne suka tsaya a kan rabo. Dokar ita ce maigida ya zo da kansa ya karɓi na gidansa. Mu ƴan gari da sauƙi, wadda mijinta ba ya nan sai ta tura ƙanen miji ko wani dattijon dangi. Mariyama ba ta da wanda za ta tura. Ta bi layi tun safe, da ta iso gaba sarjan ya dube ta ya ce, "Je ki turo babanki."

Ina tsaye ina gani. Raina ya ɓaci. Na kutsa na kama ta a wuyan hannu na dawo da ita gabansa, na buɗe murya, Hausa da guntun faransancina a haɗe. Na ce uwarta ta mutu a hanya, ubanta ya ɓata, ganye da dusa suke ci. Har na yaye zanen goyon na nuna wa jama'a ƙafafun Halima. Sarjan ya sa aka zuba mata tiya guda, ko don tausayi ko don in rufe masa baki. Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi.

Washegari ba ta zo rijiya ba. Rana ta biyu ma haka. Aka ce mini an gan ta a wata rijiya mai nisa ta hanyar Tsauni. Sai na bi ta bukkarsu. Na same ta tana ba ƙannenta kunu. Ta shimfiɗa mini buhu, muka gaisa, sannan ta ce, "Rabi, mun ci abinci ta dalilinki, Allah Ya saka miki. Amma kin tuɓe ni a gaban mutane."

Na ce, "Ai don a taimake ki na yi."

Ta ce, "Na sani. Mutuwar uwata ke kaɗai na gaya wa, kuma a kunne na gaya miki. Yanzu duk inda na gitta nuna ni ake yi. Ina da baki, Rabi. Ba ki tambaye ni ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Balkisa, yaran da za ki riƙa sun ga abin da ya fi na Mariyama nauyi. In suka saki jiki da ke za su gaya miki abubuwan da ko uwarsu ba su gaya wa ba. Kuma baƙi za su zo, manya masu motoci da na'urar ɗaukar hoto, da kyakkyawar niyya, su ce a kawo musu yarinyar da ta fi shan wahala ta ba da labari. Za ki ji a ranki cewa in sun ji za su taimaka. Wataƙila su taimaka ɗin. Amma labarin yarinya nata ne. In ta ce a'a, ko da da ido ta faɗa, to a'a ɗin ce. Baƙon zai shiga motarsa ya tafi, ita ce za ta ci gaba da zama cikin waɗanda suka ji.

Na ba ta haƙuri, ta haƙura. Sai dai ni zafin kaina bai sauka ba. Na gane ba ita kaɗai ba ce, akwai ƴan mata da yawa a filin nan masu riƙe da ƙanne babu babba. Sai na tara ƴan matan unguwarmu na ce mu tafi gidan kumandan, wato babban sojan da ke riƙe da garin, mu gaya masa dokarsa ba ta yi ba. Ban gaya wa uwar kowa ba, har da tawa. Muka ɗunguma muna waƙa. Ko ƙofar ba mu kai ba jandarmomi suka taso mana. Muka watse da gudu, wata ƙawata ta faɗi ta gurɗe a ƙafa. A zamanin soja taro ba abin wasa ba ne. Aka kira kawuna, dattijo mai furfura, ya yini zaune a rana a gaban ofis yana amsa tambaya a kan abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da ya dawo bai doke ni ba. Ya sha ruwa, ya dube ni ya ce, "Rabi, in za ki sake, ki gaya mini in tafi da malafata." Daga ranar iyaye suka hana ƴaƴansu bina.

Ki ji wannan da kyau. Ba na ce ki zama matsoraciya ba, ban haife ki don haka ba. Amma kafin ki ɗaga ƙafa, ki duba wa zai sha rana saboda ke. Ke kina da takardar aiki, kina da gidan da za ki koma. Yaran ba su da ko ɗaya. Kuma duk abin da za ki yi da ƴar mutane, ki fara shiga wajen uwarta ko wadda ke riƙe da ita, ki cire takalmi, ki zauna a ƙasa, ki gaishe ta. In iyaye mata suna bayanki, kin yi rabin aikin.

Wadda ta tsamo ni ita ce Hajiya Kande, tsohuwar ungozoma, wadda rabin garin a hannunta suka faɗo. Ta aika aka kira ni. Ta ce, "Ke ce sarkin yaƙin?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Tashi ki raka ni wajen yarinyar nan."

Muka tafi tana dogara sanda. Ta zauna a ƙofar bukkar, ta karɓi Halima ta duba idonta da harshenta, sannan ta yi wa Mariyama tambayar da ni ban taɓa yi mata ba. Ta ce, "Ƴata, ke me kike so?"

Ni a zatona za ta ce hatsi. Sai ta ce, "Iya, turmi." Ta ce ko an ba su dawa ba su da abin dakawa, sun bar nasu a hanya don nauyi, in sun shiga gari aro sai a yi ta yi musu kallon raini. Ta ce suna so a bar ƴan matan gari su riƙa raka su itace, don in sun fita su kaɗai akwai mazan da ke tare su a daji. Daga nan ta kori ƙannenta waje, ta rage murya. Ta ce akwai wani a cikin masu awo da ke ce wa ƴan matan da aka kora daga layi su dawo bayan mutane sun watse, zai duba musu. Wasu sun koma, don ƙannensu na kuka.

Hajiya ta yi ta jan carbi. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Ina ta ihu a titi da sunan waɗannan yara, ban san ko ɗaya daga abin da ke cin su ba.

Don haka in kin isa, kada ki yi gaggawar buɗe abin da aka koya muku. Ki zauna ki yi tambaya, ki jira amsa ko da ta yi jinkiri. Wata yarinyar ba don ƙin karatu take fashin aji ba. Wataƙila zane ɗaya gare ta kuma ta wanke, wataƙila hanyar makewayi ce take tsoro. Ba za ta faɗa a gaban aji ba. Kuma ki sa ido ƙwarai a kan duk namijin da abincin yarinya ko takardarta ke hannunsa, kome kyawun fuskarsa, kome yawan sallarsa.

Hajiya ta bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, ina biye da ita ina riƙe mata buta. Kafin mako ya zagayo an kai turame filin bayan gari, iyaye sun yarda mu riƙa fita itace a ƙungiya, mu da baƙin, da wata babbar mace a tare da mu. Sannan ta je ta sami Malam, limamin unguwarmu, ta gaya masa abin da ya kamata ya ji ba tare da ta kama sunan yarinya ko ɗaya ba. Shi ya nema mana iso wajen kumandan.

Da hantsi muka je, Malam a gaba, sai Hajiya, sai Mariyama da goyonta, sai ni. A bakin ƙofa Hajiya ta matse mini hannu ta ce, "Yau ke kunne ce."

Kumandan mutumin yamma ne, Hausarsa a karye take amma yana ji. Malam ya yi gaisuwa ya gabatar da mu. Kumandan ya dubi Mariyama ya ce, "Ina maigidanku?"

Na ji maganar ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta. Mariyama ta gyara goyonta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce maigida. Ni ke nemowa, ni ke dafawa, ni ke rabawa. In yaro ya yi zazzaɓi ni ke zaune a kansa. In akwai wani maigida bayan wannan, a nuna mini shi, ni ma in huta."

Ta ci gaba ta ce ba ita kaɗai ba ce, kuma ba sadaka ta musamman suke nema ba, rabon da ake ba kowane gida shi suke so a ba su a hannunsu, da rana, a gaban mutane, kuma mace ta auna musu. Ba ta ambaci mutuwar uwarta ba. Ba ta yi kuka ba.

Kumandan ya juya ya dubi Malam. Malam ya ce, "Abin da ta faɗa haka yake." Kumandan ya ɗan buga yatsa a tebur, ya tambayi dalilin da ya sa sai mace. Hajiya ta ce, "Ɗana, kai ma ka haifa. Kada ka sa in faɗa a gaban yara." Ya gane.

Daga rabo na gaba aka buɗe layin mata. Hajiya Kande na zaune a kan kujera kusa da buhuna, mata biyu na awo, Mariyama na tsaye tana shaida ƴan matan filin, wannan tana riƙe da ƙanne, wannan tana riƙe da kaka makauniya. Mai awon nan an ɗauke shi daga wurin. Ba a hukunta shi ba, an dai mai da shi wani gari, kuma wannan yana damuna har yau in na tuna akwai ƴan mata a can ma.

Akwai wani abu ƙarami da ya biyo baya, zan gaya miki ko da za ki yi mini dariya. Da na ga ƴan mata, har da na unguwarmu, sun koma "Mariyama ta ce, Mariyama ta ce," sai kishi ya kama ni. Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure, na daina zuwa wajen rabo. Kakarki ta lura. Tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kike ta haƙilo, so kike su ci abinci ko so kike a ce Rabi?" Na ɗauki gyalena na fita. A cikin yaranki za a sami wadda ta fi ki iya magana da su, wadda suke ji fiye da ke, don tare suka gudo. Kada ki ji haushi. Ki jawo ta kusa, ki ba ta wuri, ki koya mata yadda ake shiga ofis a fito da abin da aka je nema. Ke baƙuwa ce, wata rana za a canza miki wurin aiki. Ita ce za ta zauna.

Halima ba ta kai damina ba. Ƙyanda ta shigo filin, ta sami yara babu ƙarfi. Muka kai ta asibiti, aka yi abin da za a iya, Allah Ya karɓi abarsa. Na riƙa cewa a raina da mun yi sauri, da na yi tambaya tun farko, da kaza da kaza, har na kwanta ciwo. Mariyama ce ta zo duba ni, ita da aka yi wa rashin. Bayanta babu goyo, sai ta riƙa kai hannu tana gyara zanen da babu kowa a ciki. Ta zauna a bakin gadona ta ce, "Rabi, tashi. Saura biyu, kuma gobe akwai rabo."

Ƴata, za ki yi iyakar ƙoƙarinki kuma wata ta suɓuce miki. Wata za a zo a ɗauke ta daga aji ba ki da ikon hanawa, wata za ki wayi gari an ce sun tashi. Ki yi kukanki, ba laifi ba ne. Ki sami wata babbar mace a can wadda za ki riƙa sauke mata abin da ke ranki, kada ki tara shi ke kaɗai. Sannan ki wanke fuska ki koma wajen waɗanda suka saura.

Da ruwa ya sauka a shekara ta gaba, baban Mariyama ya dawo, shi da sanda kawai. Ya sami ƴaƴansa biyu a raye da wadda ta raya su. An ce da aka ba shi labari zama ya yi a ƙasa ya rufe fuska da rawani. Kafin su koma arewa Mariyama ta ce in koya mata rubuta sunanta. A gindin bishiyar bedi muka yi ta yi, da tsinke a kan rairayi, har ta iya. Ban sake ganinta ba. Shekarun baya wasu fatake daga wajen Tanut sun ce akwai wata Mariyama a wani ƙauye da ke shugabantar rumbun tsimin mata, ko maigari ba ya yanke magana sai an ji ta bakinta. Ban sani ba ko ita ce. Masu sunan suna da yawa. Ni dai na zaɓi in yarda.

Sauran kuma kin san su, amma bari in maimaita, aikin uwa ne. In an tsayar da ku a shingen sojoji ki yi sallama, ki miƙa takardarki, kada ki yi gardama ko da kina da gaskiya. Kada la'asar ta same ki a hanya. Ki koyi gaisuwar Barebari tun makon farko, ko da za su yi miki dariya, dariyar ce za ta buɗe miki ƙofa. Kada ki yi wa yarinya alkawarin abin da ba ya hannunki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci.

Baffanki ya zo shekaranjiya ya ce in hana ki tafiya, wai wurin ba na mace ba ne. Na ce masa wurin cike yake da mata, ƙanana ma kuwa, kuma babu wanda ya tambaye su kafin a kai su. Ya miƙe. Da ya fita na shiga ɗaki na yi kuka, don rabin zuciyata tana bayansa. Ina jin tsoro, Balkisa, ba zan ɓoye miki ba. Amma na yarda ki tafi, da zuciya ɗaya na yarda, kuma na yafe miki duniya da lahira.

Abu ɗaya nake roƙo. In kin kira ni, kada ki ce mini "lafiya lau" don kawai ki kwantar mini da hankali. In ranar ta yi nauyi ki ce ta yi nauyi. Na tsufa, amma har yanzu ina iya ɗaukar rabi.

Allah Ya yi miki albarka. Allah Ya sa ki shiga lafiya ki fito lafiya, Ya tsare ki da yaran da aka damƙa miki, Ya kwantar da wutar da ta raba su da gidajensu, Ya ba mu damina mai albarka. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki,
Rabi